JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA A KAN SANA'AR BAN DARIYA DA 'YA'YANMU SUKA SHIGA

 



Kwamitin zartarwa ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani al'amari da ya yawaita kawo mana ƙorafi a ofis. Wannan al'amari shi ne na samarinmu na Hausari da Gwange da Bulumkutu da sauran unguwanni, waɗanda ke ɗaukar wasan barkwanci da waya suna sakawa a YouTube da TikTok da Facebook. Wasu iyaye sun zo mana suna cewa a tsawata wa yaran nan, shashanci ne. Yaran kuma sun zo suna cewa sana'a suke yi, a bar su su nemi abinci. Mun saurari kowa, kuma ga abin da muka gani.

Da farko, ban dariya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san 'yan kama, masu shiga kasuwa da gidan biki suna kwaikwayon malamai da mawaƙa, suna mayar da komai zancen tuwo da miya, a yi dariya a ba su kuɗi. Sun san 'yan gambara. A fada kuma akwai wawan sarki, wanda yakan faɗa wa sarki abin da fadawa ke tsoron faɗa. Da zamanin rediyo da talabijin ya zo, mu da muke masu shekara hamsin da ɗoriya a yau mun taso muna cincirindo a gidan mai akwatin talabijin don kallon Samanja Mazan Fama da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Saboda haka duk wanda ya ce yaran nan sun ƙirƙiro abin da babu shi a al'adarmu, bai yi musu adalci ba.

Na biyu, mu dubi halin da yaran nan suka tashi a ciki. Wanda aka haifa a garin nan wajen shekarar 2000 bai kai shekara goma ba rikicin 2009 ya ɓarke. A 2011 aka hana hawa babur a cikin gari, magidanta da yawa daga cikinmu suka rasa acaɓar da suke ciyar da iyali da ita. A 2013 aka katse layukan waya na tsawon watanni. A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye babbar kasuwarmu ta Monday Market, sannan a watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidajenmu da na masu masaukinmu bai tambayi kowa asalinsa ba. Yaron da ya ga duk wannan, kuma har ya iya sa uwarsa ta yi dariya da daddare, ai ya kamata mu tsaya mu dube shi da idon rahama.

Akwai kuma abin da kowa a zauren nan ya sani. Idan ɗanmu ya gama makaranta ya nemi aikin gwamnati ko tallafin karatu, abu na farko da za a tambaye shi shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. An haife shi a nan, watakila ubansa ma a nan aka haife shi, amma sai a ce ya koma Kano ko Haɗeja ko Katsina ya karɓo, a can kuma ba wanda ya san fuskarsa. To, ita wannan sana'a ba ta tambayar wannan takarda. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa a sashe na 39, da 'yancin kafa ƙungiya a sashe na 40, da 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya a sashe na 41, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ma ba ta ce sai ɗan asalin jiha zai yi rajistar sunan kasuwanci a cikinta ba. Ƙofa ce a buɗe, kuma ƙofofin da ke buɗe gare mu ba su da yawan da za mu rufe ɗaya da hannunmu.

Sai dai jama'a, ƙungiya na da sharaɗi biyu, kuma a kansu jawabin nan ya tsaya: yaro ya mallaki aikinsa a rubuce, sannan ya san da wanda yake wasa.

Mu fara da mallaka. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Magabatan da muka ambata sun yi wasanninsu ne a gidajen rediyo da talabijin na gwamnati, a biya su ladan aiki, faifai kuma ya zauna a ma'ajiyar tasha. Suna ya kai ko'ina, amma suna ba ya biyan kuɗin asibiti. Marigayi Abdullahi Shu'aibu Karkuzu, wanda ya rasu a 2025, sai da tsufa ya kai shi ga fitowa fili yana neman taimakon jama'a. Wannan bai rage masa daraja a wurinmu ba, sai dai ya zame mana darasi.

Ga kuma marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙasar Kano, wanda har ya rasu a watan Disambar 2014 babu ɗan wasan barkwancin Hausa da ya kai shi kasuwa. Sunansa kaɗai a bayan kaset ya isa a saya. Duk da haka a shekarar 2008 kotun tafi-da-gidanka mai sauraron ƙararrakin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu, kuma cikin tuhumar da aka yi masa har da gudanar da kamfanin fim ba tare da rajista ba. Mutumin da ya taɓa yin aikin gandiroba sai ga shi a cikin ɗakin da ya saba kullewa daga waje. Mutane sun yi ta muhawara a kan ko an yi masa adalci, mu abin da muka ɗauka shi ne: duk ranar da wasanka ya ɓata wa wani babba rai, takardunka za a fara tambaya. Idan haka ta faru da Ibro a jiharsa ta haihuwa, ina ga ɗan baƙo?

Kada a zaci mu kaɗai abin ya shafa. A Amurka akwai wani baƙar fata mai ban dariya, Dave Chappelle, wanda ya sa hannu a kan yarjejeniya tun yana matashi, daga baya ya ga ana ta sayar da shirin da ke ɗauke da sunansa ba a ba shi komai. A 2020 ya roƙi masoyansa su daina kallon shirin, a 2021 ya sanar cewa an biya shi an kuma daidaita da shi. Shi yana da miliyoyin masoya da za su tsaya masa. Ɗanmu na Gwange ba shi da su tukuna, saboda haka tun farko ya kamata ya karanta abin da zai sa wa hannu.

A nan ofishinmu mun raba rigimar wasu samari huɗu da suka shekara biyu suna wasa tare. Ɗaya ke ƙirƙiro labari, biyu ke fitowa, na huɗu ke da waya kuma da sunansa aka buɗe shafin. Ranar da kuɗin talla ya fara shigowa, sai mai waya ya ce shafi nasa ne. Muka tambaye su takarda, babu. Muka tambayi shaida, babu. Da ƙyar dattawa suka sasanta, amma har yau iyayensu mata ba sa gaisawa kamar da. Ku sani cewa a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wanda ya ɗauki ɗawainiyar shirya fim shi doka ke ɗauka mai shi, sai fa idan an yi wata yarjejeniya daban, kuma sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce. Mu da muka koyi karatu da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci, mun san zafin dangwala yatsa a kan takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Ba ma son 'ya'yanmu da suka yi boko su maimaita wannan da son ransu.

Don haka muna ba su shawara kamar haka. A yi rajistar sunan kasuwanci. A buɗe asusun banki da wannan suna, da sa hannun mutum biyu. A rubuta rabon kowa tun kafin kuɗi ya zo, a rubuta wanda ke riƙe da mabuɗin shafi da abin da zai faru idan wani ya fita. Duk ɗan kasuwar da ya kawo talla, a rubuta masa farashi da adadin fitowa. Kuma kada yaro ya bar shago ko makaranta saboda wannan, domin YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda, kuma ba kowa ke kaiwa ba.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi. Barkwanci a ƙasar nan yana da ƙa'ida. Bafulatani da Babarbare suna wasa, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, Bakano da Bazazzagi. Waɗannan an gaje su, kowa ya san iyakarsu, kuma wanda aka zolaya yau shi zai rama gobe. Yaronmu da ya ɗauki waya yana kwaikwayon yadda Babarbare ke Hausa, ko yana wasa da sarautar gari, ba ya cikin wannan gado, kuma bidiyo ba ya tsayawa a zauren da aka yi shi. Kwanakin baya sai da dattawanmu uku suka taka har ƙofar wani Bulama suka ba da haƙuri a kan wasan minti biyu da wani yaronmu ya saka. Allah Ya saka wa Bulaman da alheri, ya karɓe mu da mutunci, ya ce yaro nasa ne. Amma da abin ya faɗa hannun wanda ba shi da haƙuri, ba sunan yaron za a kira ba, cewa za a yi Hausawa sun zage mu. Baki shi ke yanka wuya, kuma a zaman baƙunci ba wuyan mai maganar kaɗai yake yankawa ba.

Ku dubi Samanja. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne da ya yi suna da harshen Hausa a Kaduna. Ya yi wasa da sojoji da Hausar bariki shekara da shekaru, sojoji kuma suka fi kowa son shirin, domin shi ma ya sa kaki, gidansu yake zolaya. Ga kuma Mamane, ɗan Nijar mai ban dariya a gidan rediyon Faransa na RFI, wanda ya ƙirƙiro wata ƙasa da babu ita mai suna Gondwana, yana faɗar duk halin shugabannin Afirka ba tare da kama sunan kowa ba, ya kuma kafa kamfaninsa na kansa da ke shirya bikin masu ban dariya a Abijan. Wannan ita ce dabara. Wanda ya kama suna kuwa, mun ga yadda a 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, bisa laifin ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi tir da hukuncin, amma bulala ta riga ta sauka.

Abin dariya bai ƙare a gidanmu ba. Ga magidancin da ya shekara arba'in a Maiduguri bai iya gaisuwa da Barbarci ba, kullum yana cewa baɗi zai koma gida. Ga wanda ke ɓoye katin zaɓe a ƙarƙashin katifa har zaɓe ya wuce, sannan ya fi kowa ƙorafi. Ga mai sayen fili da shaidar baki. Ga uban da ke cire 'yarsa daga makaranta ya ɗora mata talla. Mun yi shekaru muna faɗar waɗannan a taro ana gyangyaɗi. Idan yaran nan suka mayar da su wasa, za su shiga ɗakunan da takardar ƙungiya ba ta taɓa shiga ba. Irin wannan dariya ita ce mai ɗaga al'umma.

Har ila yau muna jan kunne: kada a ɗauki hoton ɗan gudun hijira, ko mai taɓin hankali, ko almajiri, don a yi dariya da halin da yake ciki. Kada a sa 'yar kowa a wasa sai da yardar iyayenta. Kada a taɓa addini.

Daga ƙarshe, ga abin da kwamiti ya amince da shi. Ofishin sakatare zai taimaka wa duk samarin da suka zo wajen rubuta yarjejeniya da cike takardun rajista, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Muna roƙon 'yan kasuwarmu su riƙa ba yaran nan talla, su biya su kamar yadda za su biya baƙo, kada a ce ai ɗan gida ne. Masu biki da suna, idan kun gayyace su ku sallame su da mutunci. Iyaye kuma, kafin ku yi fushi, ku ce yaro ya nuna muku abin da ya saka, ku kalla tare. Idan kun ga ɓaraka ku gyara a gida tun ba ta kai ƙofar Bulama ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a neman kowa, Ya ƙara haɗa kanmu da masu masaukinmu, Ya zaunar da Jihar Borno da Nijeriya lafiya.