Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darajar Tsohon Aboki A Ranar Tsufa

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Tudun Wada, Zariya



Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu a wannan waje cikin ƙoshin lafiya. Mun saba a kowace shekara mu tattauna batun rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, gyaran ajujuwa da tallafin karatu ga 'ya'yanmu. A bana kuwa kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan wani abu wanda ba a rubuta shi cikin kasafin kuɗin ƙungiya, alhali kuwa shi ne ginshiƙin da ƙungiyar take tsaye a kai, wato abota, musamman wadda aka ƙulla tun ƙuruciya aka kuma riƙe ta har furfura.

Dalilin zaɓen wannan batu a fili yake. Ƙa'idar aikin gwamnati a ƙasar nan ita ce ma'aikaci ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya sun riga sun kai wannan gaɓa, saura kuma suna gab da ita. Duk wanda ya taɓa riƙe ofis ya san abin da kan biyo baya: wayar da ba ta hutawa sai ta yi tsit, falon da kan cika da baƙi sai ya koma wayam, direba da masinja kuma su koma wa sabon maigida. A ranar ne mutum kan tantance abokan kujerarsa daga abokan kansa.

Tudun Wada gari ne da abota ta gina

Ya kamata mu tuna asalinmu. A farkon zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a shekarar 1911, an keɓe Sabon Gari domin baƙi mutanen Kudu, aka kuma keɓe Tudun Wada a wajen ganuwa domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin Zazzau ba. Kakanninmu sun zo daga Kano, Katsina, Sakkwato, Borno, ƙasar Nufe da sauran wurare, wani fatauci ya kawo shi, wani neman ilimi, wani kuma aikin Bature. Mafi yawansu sun baro dangi a nesa. Saboda haka aboki shi ne ya zama wa, shi ne ƙane, shi kan shige gaba wajen neman aure, shi kan yi shelar suna, shi kan tsaya a kan gawa. Har wasan barkwanci da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari, ya sami wurin zama a dandalinmu, domin ga su nan duka a layi ɗaya.

Daga baya ma'aikatu suka ƙara tara mutane. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, editanta kuma Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara, wanda a Zariya ya yi mafi yawan aikinsa, a nan kuma ya rasu a 1981. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ga makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, ga babban asibitin da ya zama na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya koma Shika a 2005. Iyayen da yawa daga cikinmu a waɗannan wurare suka haɗu, suka zama aminai, har suka aurar wa juna 'ya'ya. Idan muka bincika, wasu da muke kira baffa ko gwaggo a unguwar nan ba jini ya haɗa mu ba, amincin iyaye ne muka gada.

Abin da tarihi ya nuna mana

Kwalejin Barewa da ke maƙwabtaka da mu an kafa ta ne a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta tare a Zariya a 1949. A ƙarshen shekarun 1920 Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk suna ɗalibai a cikinta lokaci guda. Sanin junan da irin waɗannan samari suka yi a aji da filin wasa shi ya sauƙaƙa musu haɗa kai bayan shekara ashirin, sa'ad da aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, wadda Abubakar Imam da Dokta R.A.B. Dikko suke cikin jagororinta na farko.

Misalin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Malam Sa'adu ya yi koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan lafiya a nan Zariya kafin ya koma gida Bauchi. A can suka shaƙu da Malam Aminu, wanda aka tura koyarwa makarantar Midil ta Bauchi a farkon shekarun 1940, suka yi gwagwarmaya tare. Malam Sa'adu ya daɗe yana fama da rashin lafiya, ya rasu a 1958 yana da shekara arba'in da 'yan kai. Bayan shekara 15, duk da hidimomin da suka yi masa yawa, Malam Aminu ya fitar da littafi a kan rayuwar amininsa, aka buga shi a Zariya a 1973. Wannan shi ne aikin aboki na ƙarshe: ya tsare sunanka a ranar da ba ka da bakin magana.

Iyayenmu mata ma suna da nasu tarihin. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna a Giwa da wata dattijiya, Baba mutuniyar Karo, wadda ta haura shekara 70, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito a 1954. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma duk wanda ya karanta labarinta zai ga ba ta yi zaman kaɗaici ba. Ta yi bayanin ƙawance, da dangantakar yaya da ƙanwar rana, da yadda mata kan yi wa juna biki a lokacin aure da suna. Wannan tsari ne da iyayenmu mata suka gina da kansu, wanda ya riƙe su a gidan miji, ya riƙe su a zawarci, ya kuma riƙe su a tsufa.

A fannin addini kuwa, ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) idan ya yanka akuya yakan aika da nama ga ƙawayen Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, kuma ya koyar da cewa kyautata wa abokan mahaifi bayan ransa yana daga cikin mafi girman biyayya ga iyaye.

Abin da masana suka gano

Binciken zamani bai saɓa wa wannan ba. Tun 1938 Jami'ar Harvard ta Amurka take bin diddigin rayuwar wasu maza 724, daga samartaka har tsufa. Abin da aka gano shi ne, waɗanda suka fi gamsuwa da dangantakarsu da mutane a shekara 50 su ne suka fi ƙoshin lafiya a shekara 80. A 2010 wasu masana a Amurka suka tattara sakamakon bincike 148 da ya shafi mutane fiye da 300,000, suka ga cewa masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari. A 2018 Ingila ta naɗa minista na musamman domin matsalar kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a rahotonta na 2025 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici. Rai da ajali na Allah ne, amma Shi ne Ya sanya sababi, kuma Bahaushe ya daɗe da cewa mutum rahama ne.

Me ya sa 'ya'ya ba sa maye gurbin aboki?

Wani zai ce ai yana da 'ya'ya da jikoki, me zai yi da aboki? Albarkar 'ya'ya ba ta da na biyu, sai dai akwai kunya a tsakaninmu da su. Mu mutane ne da uba ba ya ko ambaton sunan ɗansa na fari. To, ta yaya dattijo zai zaunar da wannan ɗa ya gaya masa cewa kuɗin fansho sun ƙare, ko ya fara mantuwa, ko wata lalura ta same shi wadda ba ta faɗuwa? Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa.

Tsohon aboki ya san ka tun kafin a kira ka Alhaji ko Farfesa ko Darakta. Shi kaɗai ya rage mai kiran ka da sunan da kakarka ta laƙaba maka, shi kaɗai zai dube ka ya ce ka yi kuskure ba tare da tsoron rasa wani abu ba. Shi zai fara lura cewa tafiyarka ta canza ko ka rame, ya matsa maka sai ka je an auna jininka da sukari. Shi ya san bashin da ake bin ka da wanda kake bi, ya san iyakar gonarka da amanar da ka bayar. Sau nawa muka ga rigimar gado ta kai kotu a garin nan, wadda da aminin mamacin yana kusa da iyalin, da kalma biyu ta kashe ta? Sabon aboki yana da daɗi, amma da tsohuwar zuma ake magani.

Abubuwan da ke cinye abota a yau

Dole mu gaya wa kanmu gaskiya, mu mazauna birane. Na farko, nisa da tsadar tafiya, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ga kuma fargabar hanya da ta sa wasu suka rage zuwa gida. Na biyu, katanga da maigadi. Abokin da Allah bai ɗaukaka ba a abin duniya yakan zo ƙofar gida sau ɗaya, a ce masa maigida yana barci, ba zai sake dawowa ba, kuma ba zai faɗa ba. Na uku, siyasa da saɓanin fahimtar addini, waɗanda suka raba mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya. Na huɗu, wayar hannu. Tun da ta shigo ƙasar nan a 2001 ta sauƙaƙa gaisuwa, amma ta sa wasunmu suna ganin saƙon ta'aziyya a WhatsApp ya wadatar. Zumunta a ƙafa take, kuma har gobe a ƙafa za ta kasance.

Sakamakon haka muna ganin sa da idonmu. Mutum ya yi shekara 35 a Legas ko Abuja, ya gina katafaren gida a nan, ya dawo ya tarar majalisar da ya bari ta watse, waɗanda suka rage kuma ba su saba da shi ba. Ya zama baƙo a can, baƙo a nan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shawarwari

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka:

1. Kowane reshe ya rubuta sunayen dattawansa da suka haura shekara 65, maza da mata, ya naɗa mutum biyu da za su riƙa ziyartar su aƙalla sau ɗaya a wata.

2. Ƙungiya ta ware rana ɗaya cikin kwanakin Babbar Sallah, lokacin da mafi yawanmu muke gida domin kallon hawa, ta zama ranar haɗuwar tsofaffin abokai, ba jawabi, ba neman gudummawa.

3. A buɗe asusun jinƙai na sirri a hannun amintattu uku, domin magani da abinci ga dattawan da ba za su iya buɗe baki su roƙa ba, yadda taimakon aboki ba zai zama abin gori ba.

4. Mu riƙa ɗaukar 'ya'yanmu zuwa gidajen abokanmu, su san su, su san 'ya'yansu. Yaron da aka haifa a Abuja ba zai riƙe amincin da ba a nuna masa ba.

5. Matasanmu masu ilimi su zauna da dattawa su naɗi tarihin unguwannin Tudun Wada daga bakinsu, a riƙa buga shi a wannan mujalla.

6. Duk wanda yake da tsohon aboki da suka ɓata, ya neme shi kafin ya koma bakin aiki. Wanda ya fara sallama shi ne babba.

Daga ƙarshe, muna roƙon Allah Ya jiƙan iyayenmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu tsufa cikin mutunci a tsakiyar mutanen da suka san mu. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ya zaunar da Tudun Wada da ƙasarmu lafiya, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.