MAN AYU DA DARASIN BABBAR DABBAR TEKU

Jawabin da aka gabatar wa matasa a garin Isa.

'Yan uwa, maganarmu ta yau a kan dabbobi biyu ne na ruwa. Ɗaya tana can tekun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, ɗayar kuwa ruwan da ke wucewa ta ƙasarmu ne ke gangarawa ya tarar da ita.

Ta farko ita ce wadda Larabawa ke kira Alhutul Azraƙ, Turawa kuma bulu wel. A iya sanin ɗan Adam, ba a taɓa samun dabbar da ta kai ta nauyi ba. Tsawonta yakan kai mita 30, nauyinta ya haura tan 150, wato kimanin giwaye 25. Siffar kifi gare ta, amma ba kifi ba ce. Da huhu take numfashi, dole ta taso saman ruwa ta shaƙi iska, haihuwa take yi, tana kuma shayarwa. Da wannan girma nata, abincinta wasu 'yan ƙananan jatan lande ne da ba su wuce ɗan yatsa ba. Takan kamfaci ruwa cike da baki, ta tace shi, ta haɗiye su.

To, ku riƙe wannan, domin nan ne mas'alar take: cikinta yana kusan shekara, ɗa guda take haifa, kuma sai bayan shekara 2 ko 3 ta sake. Dabbar da ke haihuwa haka, in aka sa mata hannu, ba ta iya mayar da gurbin abin da aka kashe.

Kuma an sa mata hannun. Wani mutumin Norwe, Svend Foyn, ya ƙera bindigar harba mashi daga jirgin ruwa wajen 1870. A 1904 aka kafa mahautarta a Grytviken, tsibirin Jojiya ta Kudu. Me ake nema? Mai. Ana narka kitsenta a yi sabulu da man shafa wa burodi. A kakar farauta ta 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe fiye da 29,000. A ƙarni na 20 an kashe sama da 300,000. Sai a 1966 hukumar ƙasashen duniya mai kula da wannan farauta ta hana taɓa ta, bayan saura kaɗan ta ƙare. Yau ana ƙiyasin akwai tsakanin 10,000 zuwa 25,000. A 2020 masu bincike suka ƙirga fiye da 50 a gefen tsibirin nan da aka yi mata kisan kiyashi. Ka ga ashe in an janye hannu tana dawowa, amma sannu a hankali, fiye da shekara 50.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Isa da teku? To, bi ruwa ka sha labari. Gulbin Rima da ke ratsa Sabon Birni ya bi ta Sakkwato, ya wuce Argungu, ya faɗa Kwara. A Kwara da Binuwai ayu yake zaune. Shi ma ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, ciyawar ruwa yake kiwo, uwar tana ɗaukar ciki kimanin shekara, ta haifi ɗa guda ta shayar da shi. Ba ya cizo, ba ya faɗa. Komar masunta tana riƙe shi a ƙarƙashin ruwa ya shaƙe, madatsun ruwa suna tare masa hanya, in ruwa ya janye da rani ya maƙale a tafki. A kan wannan kuma ga mafarauta, saboda nama da mai. Dokar Nijeriya ta 1985 ta hana farautarsa, a 2013 kuma ƙasashen duniya suka haramta cinikinsa tsakaninsu.

Amma wa ke sayen man ayu? Mu ne, samari. Ana tallarsa a tashoshin mota da kasuwanni, yanzu har a waya, da alƙawarin farin jini da ƙarfin namiji. Yi lissafi da kanka, ɗan uwa. In kwalbar da aka miƙo maka jabu ce, an ci kuɗinka a banza. In ta gaske ce, da kuɗinka aka biya mai mashi. Wanda ya sayi sabulu a Landan a 1930 bai taɓa ganin jinin dabbar teku ba, amma sulensa ne ya tura jirgin. Ɓera ba shi kaɗai ne ɓarawo ba, har da ramin da ke karɓar kaya.

Saboda haka abin da ake nema gare mu ba mai wuya ba ne. Kada ka saya, kada ka yi dillanci, kada ka tura tallar a waya. Mai larura ya tafi asibiti. Wanda ke zuwa cin rani Yawuri ko Kainji ya gaya wa abokansa masunta cewa ayun da ya faɗa koma da rai a sake shi. Amana ce a hannunmu, kuma abin da ya ƙare daga doron ƙasa babu mai kuɗin da zai sake sayo shi.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa.