Tsamin Haƙori Bayan Ciko: Yaushe Za a Jira, Yaushe Za a Koma Asibiti?

 

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori ce a kan gaba. Yau zan tsaya kan ƙorafi ɗaya da muke yawan ji a asibiti: "Likita, an cike mini haƙori, amma har yanzu in na sha ruwan sanyi sai in ji shi har ƙwaƙwalwa."

Kafin mu amsa, mu san yadda Allah Ya gina haƙori. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan'adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗauke da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. A can tsakiya kuma jijiya da hanyoyin jini suke, sun gangara har cikin saiwa. Idan kogo ya yi zurfi, likita zai goge ruɓar har kusa da jijiyar, ita kuma sai ta ɗan harzuƙa. Shi ya sa tsami na 'yan kwanaki, ko na mako biyu zuwa huɗu, ba abin tsoro ba ne, muddin kullum raguwa yake yi.

Wani lokaci ma cikon ne ya ɗan yi tudu, ya riga sauran haƙora haɗuwa idan an rufe baki. Alamarsa zafi wajen tauna, kuma likita zai daidaita shi cikin mintuna kaɗan. Wani lokaci kafa ce ta samu a gefen cikon, ko haƙorin ya tsage. Duk waɗannan ba lallai ne suna nufin jijiya ta lalace ba.

To ina iyakar? Ku riƙe wannan ma'auni. Idan sanyi ya taɓa haƙori, zafin ya zo ya wuce cikin 'yan daƙiƙu, jijiyar na iya warkewa. Amma idan zogin ya zauna ya haura rabin minti bayan an haɗiye ruwan, ko ya taso haka kawai, ko ya hana barci, ko shayi mai zafi ya riƙa tayar da shi, to kumburin jijiyar ya kai inda ba ya komawa baya. Dalili kuwa, tana cikin rufaffen ɗaki mai tauri, ba ta da wurin da za ta kumbura.

A nan ne da yawanmu ke yin kuskure. A tafi kemis a sayo kafso, a danna kanumfari, wasu har su ɗora asfirin a kan dasashi ya ƙona su. Kanumfari na rage zafi na ɗan lokaci, amma ba shi ba, ba kafson kashe ƙwayoyin cuta ba, babu mai gyara jijiyar da ta lalace. Bayan kwanaki ciwon ya yi shiru, mutum ya ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma ta fara taruwa a ƙarshen saiwa. Daga nan sai kumburin muƙamuƙi. Idan ya sauko wuya, ga zazzaɓi, ga wahalar haɗiya ko numfashi, rai ne ke cikin haɗari, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Idan jijiya ta kai wannan hali, hanya biyu ce: a cire haƙorin, ko a yi wankin saiwa, wanda likitoci ke kira rut kanal. Kafin a yanke shawara, likita zai gwada haƙorin da sanyi, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɗauki hoton eksire. Aikin kansa da allurar kashe zafi ake yi: a fitar da jijiyar, a wanke hanyoyinta, a toshe su. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu, don haka ya fi cin lokaci, wataƙila sai an je asibiti sau biyu ko uku. Galibi akan sa wa turmi hula daga baya don kada ya fashe wajen tauna.

Na san cirewa ta fi arha, kuma halin da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. Sai dai babba idan ya rasa haƙori, wani ba ya fitowa. Na kusa da giɓin sukan karkata, tauna ta koma gefe ɗaya, kuɗin sa na roba kuma na nan yana jira. Idan akwai hali kuma haƙorin na da sauran ƙwari, barinsa a baki ya fi.

Kirana gare ku, jama'a: ku lura da tsawon zafin, da abin da ke tayar da shi, ku faɗa wa likita dalla-dalla, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kuma abokan aikina, mu riƙa yi wa marar lafiya bayani tun kafin ya tashi daga kujera, kada mu taɓa jijiyar kowa sai gwaji ya tabbatar da buƙata. Duk wanda tsamin haƙorinsa ya wuce wata guda, ko yake ƙaruwa, ya koma asibiti a wannan makon.

Allah Ya ƙara mana lafiya.