Borin Jini Mai Kisa da Allurar Cinya



Kowa ya san borin jini: jiki ya yi rudu-rudu, a yi ta susa, gobe ya kwanta. Amma yana da wani babban wa da ba ya jiran gobe. Likitoci na kiransa anafilaksis, sunan da masanan Faransa biyu, Richet da Portier, suka raɗa masa a 1902. Garkuwar jiki ce ke ruɗewa, ta ɗauki abu kaɗan a matsayin maƙiyi, ta watsa sinadarai cikin jini gaba ɗaya. Sai hanyoyin jini su saki, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya gagara. Cikin mintuna ake rasa rai.

A ƙasarmu sanadin ba ɓoyayye ba ne. Manomin citta a Kwoi ko Kachia ya taɓo gidan rina. Mai amya a gindin dutsen Kagoro ya sha harbin zuma. Wani gyaɗa ce, wani kifi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne allurar fenisilin da ake yi a kemis, babu tambaya, babu shiri. Ko maganin sarar maciji da muke ceton rai da shi yana iya tayar da wannan bori.

In kun ga leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dushe, ƙirji na kuka, ko jiri ya kwashe mutum, to ba lokacin ɗura manja ba ne. Na san da ƙauna iyayenmu ke yin haka, amma wanda maƙogwaronsa ya toshe, manja huhunsa zai faɗa.

'Ya'yana ɗaliban aikin jinya, ku saurara da kyau. Maganin farko adirenalin ne. Babban mutum rabin mililita na mai ƙarfin 1:1000, cikin tsokar cinya ta waje. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, mililita 0.3. In mintuna 5 sun wuce babu sauƙi, a ƙara. Firiton ƙaiƙayi yake kashewa, haidirokotizon kuma sai ya yi sa'o'i kafin ya kama. Hannu ya saba zuwa gare su saboda tsoron adirenalin, kuma wannan tsoron ne ke kashe mana mutane.

A kwantar da majinyacin, a ɗaga ƙafafunsa. Mai ciki ta kwanta ta hagu. Kada a tsayar da shi, kada a zaunar da shi a kan acaɓa. A nemo mota zuwa asibitin Yakowa na Kafanchan ko mafi kusa, ko da ya farfaɗo, domin borin kan dawo bayan sa'o'i.

Daga Godogodo zuwa Kafanchan tafiya ce, maƙogwaro kuwa ba ya jira. Don haka nake roƙon shugabannin ƙananan hukumominmu: kowace ƙaramar shan-magani ta ajiye adirenalin da sirinji a inda hannu zai kai, a riƙa duba ranar lalacewarsa duk wata.