Jawabi Kan Tarihin Ƙungiyoyin Manoma a Ƙasar Adar da Majiya



Tun kafin zuwan Nasara, manomin Adar ya san gayya. Mai gona ya kira, samari su fito da hauya, mata su kawo fura, kafin la'asar an gama. Babu takarda, babu hatimi, amma wanda ya ƙi fita jama'a ta shaida shi.

Nasara suka zo da nasu tsari na rumbunan tsimi, inda kowane magidanci zai zuba hatsi bisa tilas. Manufar ita ce maganin yunwa, sai dai mabuɗin yana hannun kumandan, don haka talaka ya ɗauki abin tamkar wani haraji.

Bayan samun mulkin kai, a 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar UNCC domin bashi da haɗin kan manoma. Ta hanyarta iri, taki da garmar shanu suka shigo ƙauyuka, aka buɗe kasuwannin kaɗa a kwarin Majiya. Gari ne ke tsayawa lamunin ɗansa: idan mutum ɗaya ya kasa biya, a hana kowa bashin baɗi. A shekarar albarka tsarin ya yi daɗi. Da farin 1973 ya zo, sai bashi ya taru, maƙwabci ya fara kallon maƙwabci da ido ɗaya, sulhun kuma a ƙofar mai gari ake yinsa. A 1984, zamanin Seyni Kountché, aka rushe UNCC, UNC ta gaje ta.

A wannan tsakanin ne yankin ya ga ayyuka biyu da suka yi suna har wajen Nijar. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka jagoranci dashen layukan dogon yaro a Majiya ta gundumar Buza, don kare gero daga iska. A 1984 kuma aikin Keita ya soma da tallafin Italiya da hukumar FAO. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a kan faƙo, abin da ba a cika faɗa ba a wurin taro irin wannan.

Dokar 1996 ta ba manoma damar kafa ƙungiya da kansu, su zaɓi shugabanninsu. Daga nan bankunan cimaka suka yawaita, da ƙungiyoyin masu noman albasa daga Madawa zuwa Galmi. Waɗansu sun mutu ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa. Waɗanda suka rayu su ne masu karanta lissafin asusu a bainar jama'a bayan kowace kaka.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba ƙasa damina mai albarka.