Labulen Ido: Jawabi a kan Dashen Baƙin Ido na Roba



Zan fara da wani laifi da na yi tun ina ƙaramin malami. Akwai wani yaro a ajina wanda kullum, in an fito fareti da safe, sai ya sunkuyar da kai ya runtse ido, hawaye na zuba. A cikin aji kuwa sai ya manna littafi a hanci. Na ɗauka lalaci ne, na sha yi masa bulala. Sai bayan shekaru wani likita ya shaida wa mahaifinsa cewa yaron an haife shi ne ba shi da baƙin ido a idanunsa biyu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ku duba idon wanda ke kusa da ku. Wannan da'irar mai launi, wadda muke kira baƙin ido, labule ce mai 'yar ƙofa a tsakiya. In rana ta take, ƙofar takan tsuke zuwa kamar milimita 2; in duhu ya yi, ta buɗe har wajen milimita 8. Wanda ya rasa labulen nan tamkar mai ɗaki ne da ba rufi da tsakar rana a watan bazara: haske na kwarara ta ko'ina, ya kashe masa ido, gani ya dushe.

Hanya biyu ce ake rasa shi. Ta farko ta haihuwa ce, likitoci na kiranta aniridiya, tana samun kamar mutum 1 cikin 50,000 zuwa 100,000, kuma galibi idanu biyun take kamawa. Wajen kashi biyu cikin uku gadonta ake yi daga uwa ko uba. Ta biyu kuwa rauni ne: jifa, danƙon harbi, haɗarin mota, fashewar batir, ko bulalar malami irina.

A da, galibi baƙin tabarau ko gilashin manne mai launi ake amfani da su. Yanzu akwai aikin dashe. Wani kamfani na ƙasar Jamus mai suna HumanOptics yana ƙera baƙin ido na wata roba mai taushi da ake kira silikon, kuma a watan Mayun 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, wanda shi ne irinsa na farko da ta yarda da shi. An gwada shi a kan mutum 389, manya da yara. Fiye da kashi 70 cikin 100 sun ce haske ya rage damunsu ƙwarai, kashi 94 kuma sun gamsu da yadda idon ya koma a fuska.

Ga yadda ake yinsa. Kowane majiyyaci nasa ake ƙera masa. Mai ido ɗaya lafiyayye, sai a ɗauki hotonsa a kwaikwayi launin. Wanda idanunsa biyu suka lalace ba shi da abin kwaikwaya, don haka sai ya zaɓi launi daga hoto, a yi masa guda biyu iri ɗaya. Likita yakan naɗe robar kamar tabarma, ya zura ta ta wata 'yar tsaga, ya warware ta a ciki. Wani lokaci ta zauna da kanta, wani lokaci a ɗinke ta. Sau da yawa akan haɗa da cire yanar ido. Ba a yin idanu biyun rana ɗaya. Sai na farko ya lafa.

To amma kada mu ɗora wa aikin abin da bai iya ba. Ƙofar robar milimita 3.35 ce, ba ta tsukewa, ba ta buɗewa. Labule kawai ake mayarwa. In can bayan idon, inda hoto ke sauka, bai ginu sosai ba, kamar yadda yakan faru ga masu aniridiya, gani ba zai cika ba. Kuma bayan aikin ana iya samun kumburi ko hawan ruwan ido, wato gilakoma, saboda haka ganin likita ya zama na har abada. Ga shi da tsada, ga ƙwararrunsa ba su da yawa.

Ina kuma jan kunnen matasanmu na birni. Akwai wani dashe dabam da ake tallatawa a intanet domin sauya launin ido don ado, inda ake ɗora roba a kan lafiyayyen baƙin ido. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa, domin ya jawo wa mutane gilakoma da makanta. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Me ya rage mana? Ku da kuke birni kuna kusa da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano. In kun zo gida kuka ga jariri yana gudun haske, ko idanunsa na rawa, ko sun yi baƙi ƙirin ba a bambanta ƙofa da labule, ku ɗauke shi ku kai shi. Kada a ɗiga masa komai, kada a kai shi wurin mai tsaga. Gaggawar tana da dalili: wasu daga cikin yaran da ba gadon cutar suka yi ba suna iya kamuwa da dajin ƙoda tun suna ƙanana, kuma hoton ciki a kai a kai yana gano shi da wuri.

Malamai kuwa, yaron da ke runtse ido a zaunar da shi gaban allo, nesa da taga, a bar shi da hularsa da tabarau ɗinsa. Ɗalibin nan nawa ya bar makaranta a aji huɗu. Har yau in mun haɗu a kasuwa shi ke fara durƙusawa ya gaishe ni, ni kuwa nauyinsa nake ji.

Allah Ya tsare mana ganinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.