Ciwon sukari na lokacin ciki: abin da sikelin awo ke gaya mana

Jawabin ungozoma a taron mata masu juna biyu da mazajensu, a asibitin sansani



Yau maganarmu kan ciwon sukarin da ke zuwa da ciki ne, da dalilin da ya sa muke ɗora ku kan sikeli duk ranar awo.

Idan ciki ya tsufa, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. A jikin wasu mata sai sukarin ya taru. Sau da yawa mace ba ta jin komai, shi ya sa ake gwajin jini tsakanin sati 24 zuwa 28, wato wajen wata shida zuwa bakwai. Wadda ta taɓa haihuwar ƙaton jariri, ko mai jiki, ko wadda ake ciwon sukari a danginsu, ta faɗa mana tun zuwan farko.

Sukarin uwa yana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, shi kuma ya mayar da shi kitse. Idan uwa ta ƙara nauyi fiye da kima, abin ya haɗu biyu. Jariri zai iya wuce kilo 4. Na san ana murna da ƙaton jariri, amma a ɗakin haihuwa shi ne kafaɗarsa ke maƙalewa, shi ke kawo doguwar naƙuda, har a kai ga tiyata. Doguwar naƙuda kuwa kun san tana jawo yoyon fitsari. Bayan haihuwa sukarin jininsa na iya faɗuwa, don haka a ba shi nono cikin awar farko.

To, kada wata ta ji wannan ta ce za ta rage ci don ɗan ya zo ƙarami. Wannan gudun gara ne a faɗa zago. Uwar da ba ta ƙara nauyi yadda ya kamata ba tana iya haihuwar jariri ƙasa da kilo 2 da rabi, mai saurin kamuwa da sanyi da cuta. Da yawanmu mun iso nan a rame, irin wannan mace ƙari take bukata.

Ga ma'aunin da masana lafiya a Amurka suka fitar a 2009, ana bin sa a ƙasashe da dama, ga mai ɗauke da ɗa guda. Ramammiya ta ƙara kilo 12 da rabi zuwa 18 a tsawon cikin. Mai matsakaicin jiki, 11 da rabi zuwa 16. Mai ɗan jiki, 7 zuwa 11 da rabi. Mai ƙiba sosai, 5 zuwa 9. Mu za mu auna tsayi da nauyi mu gaya wa kowa rukuninta, mu rubuta a katinta.

Na san abincin rabo yawancinsa hatsi ne, kuma ba ya isa. Ga abin da za a iya. Maimakon cika kwano sau ɗaya, a raba tuwo ko shinkafar gida uku, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A yawaita wake, gyaɗa, busasshen kifi idan ya samu, da miyar zogale, kuka, yakuwa ko kuɓewa. Kunu a sha ba sukari. Shayi mai zaƙi da lemon kwalba a ajiye su. Bayan cin abinci a ɗan taka, a haɗa kamar minti 30 a yini. Maganin ƙarin jini a ci gaba da sha. Idan abinci da tafiya ba su sauko da sukarin ba, likita zai ba da ƙwaya ko allurar insulin. Batun azumi kuma, ku zo mu zauna da likita tukuna.

Magidanta, rabon mai ciki nata ne, kada a sayar. Ku bar su su zo awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce sau 8.

Idan nauyi ya hau farat ɗaya da kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ɗan ya rage motsi, ko jini ya zubo, a taho ko da tsakar dare ne. Hawan jini na iya kai wa ga jijjiga. Mai ciwon sukari kuma a asibiti za ta haihu.

Yawanci sukarin yana sauka bayan haihuwa, amma a dawo gwaji bayan sati 6 zuwa 12, domin yana iya komowa nan gaba.

Allah ya raba lafiya, ya mayar da mu gida cikin aminci. Mai tambaya ta ɗaga hannu.